Sunan da Webil Ta Sa Na Faɗa

Bayan gobarar babbar kasuwar garinmu ne, kafin mu tashi daga Kabong mu koma Bukuru, matar ɗana na fari ta haihu a Legas. Ƙafata ta hana ni tafiya, sai na haɗa buhun dankali da acca da daddawa, su isa kafin suna.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa, sunan bai taɓa fita daga bakina ba. "Wancan" nake cewa, kowa ya gane. Har gori nake yi wa matan zamani da ke ƙwala wa nasu kira a titi.

A tasha, akawun da ke rubuta webil, takardar da ke bin kaya, ya tambayi abin da ke ciki, da buhu nawa, da garin da za a sauke. Na amsa tiryan-tiryan. Sai ya ce, "Mama, sunan mai karɓa?"

Na ce, "Rubuta babban gidana."

"Mama, Legas fa. Babban gidan wa? Sunan da ke katinsa za su duba kafin su ba shi."

Na miƙa masa lambar waya a guntun kwali. Ya ce lamba daban, suna daban. Direba ya leƙo yana dariya: "Hajiya, ko surukinki ne? Mota za ta tashi, dankali ba ya jira!"

Na waiga ko zan ga wanda ya san mu, ya faɗa a madadina. Babu kowa sai wata mai tumatir, ’yar unguwarmu, wadda na sha yi wa gori. Ta san sunan sarai. Ta naɗe hannu tana kallona.

Na ja mayafi na rufe baki, na faɗa. Akawu bai ji ba. Na sake. Shi kuma ya maimaita da ƙarfi, yana rubutawa, har ya ce in tabbatar. Na dangwala yatsa, na fito ban ko karɓi tawa takardar ba, sai biyo ni aka yi da ita.

Kaya sun isa ana gobe suna.

Direban ya rasu, akawun ban san inda yake ba. Mai tumatir tana nan unguwar Daɗin Kowa, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni kuma na daina gori. Wancan ma yana nan, har yau bai sani ba.