Takardar awon jinin Yaya Illa

Shekara tara ke nan cif, a wannan watan, da Allah Ya yi wa yayana Illa rasuwa. Ƴan kasuwar dabbobi ta Tawa da ta Barmu sun san shi: dillali ne, dogo, mai muryar da in ya yi sallama a bakin kasuwa ake amsawa daga can ƙarshenta. Ni ce ƙanwarsa Rakiya, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a lakwal har ta aje alli. Kowace shekara nakan dama fura in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya ishe ni, don akwai abin da ke ci mini rai, kuma yawancin haushin na kaina ne.

Wani raƙumi ne ya kaɗa kai ya buge shi a baki a kasuwar Barmu, haƙoransa huɗu na sama suka zube. Ya daɗe yana yawo da giɓi, ko a jikinsa, har ya lura masu saye sun fi kallon bakinsa da kallon dabbar. Shi ne ya je wajen Mushe Daniyel (Mushe da Faransanci kamar Malam ne), wani Kirista mutumen kudu da ke haɗa haƙoran roba a nan cikin gari. Ya auna bakin, ya haɗa masa huɗu masu kyau. Shekara guda Yaya yana ta washe mana su, ko ba a ba da dariya ba.

Daga nan dasashinsa ya fara kumburi. In ya ci goro sai ka ga jini a jikin goron, in ya kurkure baki wajen alwala ruwan ya fito ja. Dukanmu, daga matarsa har maƙwabta, baki ɗaya muka yanke hukunci: robar ce. Mene ne baƙo a bakin nan in ba ita ba? Ya mayar, Mushe ya goge gefen da ke taɓa nama, ya ce ya cire su mako biyu a gani. Ya cire. Jinin bai tsaya ba.

Komawa ta biyu da ni aka je, don ni ce mai karatun gidanmu, kuma ni ce mai baki. Mushe ya haska bakin ya daɗe yana dubawa, ya ja fatar idon Yaya ya leƙa, sannan ya juyo gare ni.

"Madam, dubi nan ƙasa, inda babu roba ko kaɗan. Nan ma ya kumbura. Wannan ba aikin haƙora ba ne. Ku kai shi a yi masa awon jini, yau ɗin nan in da hali."

Ya rubuta takarda da Faransanci ya miƙo mini. Na karanta, na fahimci kowace kalma, na ninke ta na jefa a jaka. A raina na ce, ji mutumin nan, ya ɓata aiki yana neman ya ɗora wa jini. Ban tsaya nan ba. Na fito ƙofar shagonsa na wanke shi tas, masu babur da masu tallar ƙuli suna ji. Washegari na kai labarin ɗakin malamai, na kai gidan suna, na kai gidan biki. Duk inda mata uku suka zauna sai na faɗa musu cewa robar Mushe tana cin dasashi, kuma in ka koma sai ya tura ka awon jini don ya raba kansa da laifi. Ana jin maganata a garin nan, don rabin matan ni na koya wa ƴaƴansu karatu.

Wata huɗu muka kwashe muna wasa da ran mutum. Ruwan gishiri, jiƙon bagaruwa, alif, babu abin da ba mu sa ya kurkura ba. Wannan ta ce zafi ne, waccan ta ce basir ne ya hau sama. Da ya fara kasala muka ce zirga-zirgar kasuwanni ce. Da tabo baƙi-baƙi suka fito masa a hannu muka ce igiyar dabba ce. Abin da ya fi ba ni takaici har gobe shi ne sana'arsa. Mutumin da zai buɗe bakin rago, ya dubi dasashinsa, ya ja fatar idonsa, ya ce wa mai saye kada ya ɗauka, wannan ba shi da jini. Mun tashi muna ganin yana yin haka kullum. Babu ɗayanmu da ya yi masa abin da yake yi wa rago, sai mutumin da na zaga.

Wata ranar kasuwa Yaya ya yanke jiki ya faɗi, aka kawo shi asibiti. Wata mata a ɗakin awo ta ɗauki ɗigon jininsa, ta shafa a ɗan gilashi, ta zuba masa launi, ta sa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Ina tsaye bakin taga ina kallonta. Ba ta daɗe ba ta miƙe ta kira likita, sai na sha jinin jikina. Likitan ya yi mana bayani da Hausa sarai: fararen ƙwayoyin jini ne suka yi yawa, kuma ɗanyu ne, ba su nuna ba, sun cika wuri sun hana sauran aiki. Shi ya sa jini ba ya tsayawa, shi ya sa dasashi ke kumburi. Ya ce yana zaton sankarar jini ce, amma sai an je Yamai an ɗebi ɓargo an tabbatar. Sannan ya tambaya tun yaushe bakin ke jini, kuma babu wanda ya taɓa cewa a yi awo? Takardar tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Ban fito da ita ba.

A Yamai aka tabbatar. Ban taɓa samun likitan da ya ce mini da mun zo da wuri lalle da ya rayu ba, kuma na san rai a hannun Allah yake. Amma kada wani ya lallashe ni da wannan. Wata huɗu da muka zubar ba Allah ne Ya ninke takarda Ya sa a jaka ba.

Mako bakwai Yaya ya yi a duniya bayan nan. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu a cokali, ya riƙe mini hannu.

"Rakiya, mutumen ga gaskiya ya faɗi, mu munka ƙi ji. Ki tai ki ba shi haƙuri."

"To, Yaya. Ka sha kununka."

"Ba to ba. Na san to ɗinki."

Ya san ta kuwa. Shekara tara ban je ba. Da farko na ce sai an share makoki, daga baya na ce ai maganar ta tsufa, ta da ita ma rashin kunya ne. In na hango Mushe a hanya sai in tuna ina da sayayya a wani layin.

A shekarun nan abubuwa sun sake. Ina ji a rediyo masana na ta bincike kan robar da ake haƙora da ita, wai a sami wadda ba ta tara ƙwayoyin cuta, ba ta gurzar dasashi, ba ta fashewa in ta faɗi. An ce ko hoton ɗigon jini ana iya tura wa ƙwararre ta waya ya duba daga nesa. Madalla, Allah Ya ƙara musu basira. Amma na san abin da Yaya zai ce da yana nan. Zai gyara rawani ya yi wannan dariyar tasa ya ce, to, in anka gyara robar, wa za shi gyara kunnuwanku? Don har yau mutum zai yi wata da watanni yana tofar da jini, gida guda a zauna ana gardamar ko asuwaki ne ya yi tauri, ɗakin awo kuma ga shi nan, tafiyar babur ɗaya.

Makon jiya dai na daure na je wajen Mushe. Ya bar babban shagon tuntuni, yana wani ɗan ɗaki a bayan layi, kansa ya yi fari. Ya gane ni tun kafin in yi sallama, ya ba ni kujera. Na faɗi abin da ya kawo ni, na faɗi saƙon Yaya. Ya saurara har na gama.

"Madam, ni na daɗe da yafewa. Allah Ya jiƙan Malam Illa, mutumin kirki ne. Amma ba ni kaɗai ba ne a ciki."

Sai ya ba ni labari. Watan da ya wuce an kawo masa wata dattijuwa daga wajen Afala, dasashinta a kumbure, idonta fari fat. Ya duba, ya rubuta mata takardar awo. Ɗiyarta da ta rako ta ta aje takardar a kan tebur ta ce, ai dama an faɗa musu haka yake yi in aikinsa ya ɓaci. Suka tafi, ba su dawo ba. Bai san ƙauyensu ba, bai san ko tana raye ba.

"Maganar nan ba a ɗaki kika faɗe ta ba, Madam," in ji shi. "Ban san yadda haƙurin ɗaki zai cim mata ba."

Na daɗe zaune a kujerar nan. Ina ta tunanin abin da ya rage na Yaya a duniya: ƴaƴansa, sunansa na dillalin da bai taɓa sayar wa mutum dabba mai ciwo ya rufe ba, da saƙo ɗaya da ya bari a hannuna. Ashe ƙaryata ta fi duk waɗannan tafiya, ta kai ƙauyukan da shi kansa bai taka ba.

Don haka ga shi a jarida, kuma zan bi ɗakin malamai da gidajen suna in maimaita da bakin da na ɓata shi. Ni Rakiya, ƙanwar Illa dillali, ƙarya na yi wa Mushe Daniyel. Robarsa ba ta kashe yayana ba, shi ne ma farkon wanda ya ga ciwon. Wanda kuma ya san wata dattijuwa a wajen Afala mai jinin dasashi, wadda ɗiyarta ta baro takarda a Tawa, don Allah ya ce musu wadda ta fara maganar ce ta ce su dawo su karɓa, su kai ta awo.