Gwangwanayen Ƙasa Goma Sha Biyu da Malam Hamisu Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka abokina Malam Hamisu makwancinsa a nan Alƙahira. Ban ƙirga da ka ba, a rubuce yake, domin rubuta komai ɗabi'ata ce tun muna ɗalibai a ɗaki ɗaya a unguwar Arba wa Nus, inda ya laƙaba mini suna Magatakarda. Wasiƙunsa suna wurina bisa jerin zuwansu, haka ma amsoshina, don ban taɓa aika wasiƙa ban kwafe ta a kundina ba. Ɗaya daga cikin amsoshin nan ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Da muka kammala karatun fiƙihu ni na zauna a nan ina aikin fassara. Shi kuwa aka tura shi koyarwa a makarantar wani masallaci a Zambiya, a garin da ake haƙo jan ƙarfe ana narkar da shi. A shekararsa ta biyu ya aiko mini da tambaya. Ruwan famfo yana yawan yankewa, rafin garin kuma ba ya taɓuwa saboda abin da ake zubarwa cikinsa, don haka almajiransa mata da maza sukan yi taimama da ƙasar bayan masallaci. Ƙasar nan, in ji shi, ciyawa ba ta fita a kanta, bayan ruwan sama takan yi kore-kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla, ga hayaƙin masana'anta yana sauka a kanta dare da rana. Shin ya halatta?

Na amsa masa da isa irin ta sabon mai digiri. Na ce ƙasa mai tsarki ce muddin najasa ba ta taɓa ta ba, kuma malamanmu sun halatta taimama ko a kan ma'adini matuƙar yana mazauninsa. Na rufe da kalma guda ta Larabci: khalas, wato magana ta ƙare. Amsarsa layi uku ce. “Magatakarda, na san sallarsu ta yi. Hannun da suka buga a ƙasar nake tambaya, don da shi suke cin abinci bayan azahar. Kuma a gefen wurin muke shuka alayyahun makaranta.” Na sanya wa wasiƙar lamba na adana ta, ban amsa ba. Wannan ma a rubuce yake.

Bai jira ni ba. Ya riƙa ɗibar ƙasa yana zubawa a gwangwanayen madarar gari, kowanne ya manna masa takarda da rubutun ajami: daga ina ya ɗiba, taku nawa daga bangon alƙibla, da damina ne ko da rani, mene ne aka shuka a wurin kuma yaya ya yi. Masarar kusa da katangar masana'anta ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya. Rogon bakin rafi ya ƙi yin ’ya’ya. Ya je wurin masu kamfanin, suka ba shi shayi da kalanda. Har yau in na tuna kalandar nan raina yana ɓaci, domin mutumin da ya zo da ƙasa a hannu yana neman a auna ta bai cancanci a sallame shi da hoton itatuwa ba.

Da rashin lafiya ta dawo da shi Alƙahira, gwangwanaye goma sha biyu suka biyo shi a cikin akwatin littattafai. Ya zaga da su wurare da dama don a auna, ko'ina ana ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, ya dawo gobe. Ba zan ce ƙasar ce ta kashe shi ba. Ba ni da hujja, kuma shi da kansa zai fara tsawata mini. Kafin ya rasu ya ce: “Ka ajiye su. Kai dai ba ka iya zubar da takarda, balle ƙasa.”

Sau uku na sauya gida, sau uku na hau bene da su. Mai gadin gidanmu na Hadayek el-Ma'adi ya taɓa ɗaga ɗaya ya ce: “Ya Shehu, mutane suna zuwa Masar su kwashi tarihi, kai kuma ka zo mana da turɓaya?” Wata safiya na tarar da maiɗakina Hajiya Balaraba ta buɗe na bakwai za ta dasa na'ana'a a baranda. Na yi tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta ce: “To Malam, in ba a shuka a cikinta, ba a zubar da ita, gadonta za mu ci?” Na karɓi gwangwanin na rufe na mayar mazauninsa. Na fara tsoron amanar za ta ƙare a kwandon shara ranar da aka ɗauke ni.

Bana sai ga Nafisa, ’yar Malam Hamisu ta fari, wadda take karatun kimiyyar ƙasar noma a nan. Na jera mata gwangwanayen ina alfahari. Ta duba tsatsar da ke cikinsu ta girgiza kai. “Baffa, ba a ajiye ƙasar da za a auna ƙarfe a cikinta a mazubin ƙarfe. Duk abin da na samu za a ce daga gwangwani ne.” Na ji kamar an sake yi mini rasuwa. Sai ta juya gwangwanin. “Amma wannan takardar fa? Jan ƙarfe da dalma ba sa ruɓewa, suna can a ƙasar masallacin inda Baba ya bar su. Ya gaya mini daidai inda zan tona. Ni dai rubutun Baba ne ya gagare ni.”

Ni bai gagare ni ba. Asabar huɗu muka yi, ina karantawa tana shigarwa a na'urarta. Ta tuntuɓi limamin masallacin na yanzu, ya aiko mata da hotuna. An ɗauke lambun makarantar daga inda yake, ana shuka a akwatunan katako da ƙasar da aka ɗebo daga nesa. A bakin ƙofa akwai faranti mai yashi mai tsabta don taimama. Limamin ya ce haka ya tarar ana yi, wani malami ne daga arewacin Najeriya ya fara.

Da Malam Hamisu zai ga yau, hayaƙin zai fara nunawa, don har yanzu yana tashi, ana kuma ƙara neman jan ƙarfe saboda wayoyi da batura. Amma zai ga ’yarsa tana shirin tafiya Zambiya da damina mai zuwa da jakunkunan leda da taswirar da ya auna da ƙafarsa, zai kuma ga farantin nan da ya rayu bayan an manta sunansa.

Ranar da muka gama, na buɗo kundina wurin tsohuwar amsata. Ban goge ta ba, don ba a goge tarihi. Na ja layi a kan khalas, na rubuta a gefe: “Sallar ta yi, amma a hana yara taɓa wannan ƙasa. Mai tambaya ya fi mai amsa fahimta.” Nafisa ta leƙa ta ce: “Baffa, ka makara da amsar.” Na ce na makara, amma ta tafi da kwafinta, a karanta a masallacin. Allah Ya jiƙan Malam Hamisu, Ya sa ƙasar da yake kwance a cikinta ta yi masa sauƙi.