Ampilin Babanmu a Bayan Moto

Da aka sa ranar auren ƙanwata, ba ta roƙe ni gado ko firiji ba. Ta same ni a shagon ɗinkina na Yantala, ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta ce, "Yaya, so nike ampilin Baba ya raka ni ɗakina."

Sana'ar babanmu ke nan har ya rasu, kai kiɗa gidan biki. Yana da wani ampili, injin ƙara sautin kiɗa, na zamanin da, baƙi, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da kwalaben gilashi huɗu tsaye a kansa, waɗanda masu gyara ke kira lamp. In an kunna, sai su yi ja a hankali, sai sun ɗumama sannan sauti ya fito. Amaren unguwarmu da yawa da shi aka yi musu biki. Ita kuwa autarmu tana ƴar lakwal, wato makarantar boko, Baba ya tafi, ampilin ya shige ƙarƙashin gadon Inna, bai ƙara fitowa ba.

Na ce to, mu kunna shi a tsakar gida. Ta ce a'a, rakiya take nufi, tun daga ƙofarmu har ƙofar mijinta a Harobanda, hayin kogi. Ni da ba ni da mota, sai moto mai ƙafa biyu ɗaya tal, na buɗe baki na ce an gama. Haka nake tun ina yaro, ina alkawari kafin in yi tunani.

Washegari na ɗaure ampilin na nufi Katako, wurin wani tsoho Bazabarme mai gyaran rediyo, abokin Baba. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya yi dariya har da tari.

"Kai yaro, kanka lahiya? Wanga abu wutar gida yake ci, ba wutar moto ba. Kuma gilas ne. Rami ɗaya, ya mutu."

Yana faɗa yana goge ƙurar kwalaben da bakin rigarsa. Ya jona shi, muka zuba ido. Can sai jan nan ya taso a cikin gilashi, lasifika ta yi wani gurnani a ƙasa-ƙasa. Ya saka kaset ɗin goge ɗaya daga cikin na Baba. Wallahi tsigar jikina ta tashi! Sautin yana da kauri, yana da taushi, har a ƙirji nake jin sa. Masu sayar da katako na maƙwabta suka bar awo suka leƙo. Tsohon ya dube ni ya ce, "Kawo moton."

Kwana tara muna fama. Muka samo batirin mota, da wani ɗan inji mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Wani kafinta ya haɗa mana akwati mai ramuka don iska ta ratsa, muka shimfiɗa soson katifa a ƙasansa, muka ɗaure kowace kwalba da robar cikin taya. Lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Moton ya zama kamar jakin kai kaya kasuwa, ni kuwa ji nake ba wanda ya kai ni a duk Yamai. Ranar gwaji na bi kwalta har Gaweye na dawo, ina kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƴan taksi suna rage gudu suna tambaya, "Patron, ina ka samo wannan?" Ni dai sai dariya.

Tsohon ya ja mini kunne a kan abubuwa da yawa. Kada in wuce gudun keke. Kada in taɓa cikin akwatin yana kunne, wutarsa tana kisa. Kada in daɗe a tsaye, domin iskar tafiya ce ke sanyaya shi. Ya kuma ce in kwalba ɗaya ta fashe shi ke nan, ya zagaye kasuwannin garin nan bai ga irinta ba.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, na sha sabuwar shadda na tsaya a gaban motar ƙanwata. Na kunna. Mata suka yi tsit suna jira, har wata ta fara cewa abin ya lalace. Da gogen ya tashi, Inna ta dafa bango, ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Guɗa ta kaure. Muka ɗauki hanya, ni a gaba, motoci biyar a baya, abokan ango a kan motocinsu masu ƙafa biyu suna ta oda. A kan gada na saki murya ina bin waƙar, iska na kaɗa mini riga, masu tafiya a ƙasa suna ɗaga mana hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tsallakawa ba.

Saura ƙiris mu isa gidan, dangin ango suka tare hanya, yadda aka saba, sai an taka rawa kafin amarya ta wuce. Mata suka sauko suka kewaye ni. Na so in kashe ampilin, amma wa zai kashe kiɗa ana tsakiyar rawa? Muka daɗe a wurin. Ba iska, soson nan ya fara ƙauri, wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan akwatin.

Gwaggonmu, yayar Baba, ita ta fara gani. Mace ce da ba ta rabo da butarta, kuma duk rayuwarta ta ga direbobi suna kwara wa mota ruwa in ta yi zafi. Kafin in juyo ta ɗaga murfin akwatin tana cewa, "Wayyo, kayan ƙanena za su ƙone!" Ta tuttula masa ruwan butar kaf.

Na ji tas, tas. Wani farin tururi ya tashi, kiɗa ya ɗauke.

Allah ya kiyaye wuta ba ta ja ta ba. Na cire wayar batir, na leƙa. Kwalba biyu sun tsage tun daga sama har ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juyo zan yi magana, sai na ga Gwaggo riƙe da buta ba komai a cikinta sai iska, tana cewa, "Ɗana, taimako ni yi niyya." Na haɗiye maganata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga inda muke ina hango ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi ana jiranmu.

Wata ƙawar amarya ta zo ta ce ana kirana. Na je gefen motar kaina a ƙasa, na ce, "Ki yi haƙuri, auta. Ban cika miki ba."

Ta ɗan ɗaga lulluɓinta, idonta jage-jage da hawaye, ta ce, "Yaya, ni ban ce sai da kiɗa ba. Ka sa shi gabana dai, ya kai ni."

Ban hau moton ba. Na kama shi da hannu biyu na tura, motar amarya na biye da ni a hankali. Gwaggo ta aje butarta a bakin hanya, ta zo ta dafa akwatin ta baya, muka tura tare har ƙofar gidan, muna kuka mu duka biyun.