Sarewar da Aka Rufe wa Baki

Ban taɓa ganin fuskar mutumin ba, amma na san hannunsa. Duk fim ɗin da motar silima ta kawo mana Tasawa, in na ji sarewa ta shigo a hankali, gurmi na biye da ita, na san shi ya tsara kiɗan. Dominsa nake zuwa, hotunan ba su dame ni ba.

Shekarar da fari ya kai mu ga cin dusa, lokacin mulkin soja, aka kawo fim ɗin rabon taimako. A jikin farin ƙyalle ga manya suna murmushi, suna miƙa buhunan jar dawa. Mu da ke zaune a ƙasa ko tiya ɗaya ba mu gani ba. Sarewar kuwa kuka take, irin na garin da mutane suka watse suka bar rumbuna wayam. Wata tsohuwa da yunwa ta koro daga Mayahi ta rufe fuska da zane, sai kuka ya bi layin mata.

Sojan da ya rako motar ya ɗaga hannu. Aka kashe sauti, aka miƙa wa wani ɗan kanzagi lasifika yana lissafa mana alherin gwamnati. Tun daga ranar ban ƙara jin kiɗan mutumin nan a wani fim ba.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Mutum guda ya faɗi gaskiya a filin nan, ko baki bai buɗe ba, amma sai da suka rufe masa shi.