Matar da Kakata Take Kira Larai

Safiyar wata Litinin ce a cikin watan Fabrairun 1995, ina da shekara goma, na fita ɗebo ruwa a famfon bakin lungunmu na unguwar Sotega. An kwana ana tafka ruwan sama, jan taɓo ya cika hanya, silifas ɗina sai maƙalewa yake. Bokitina bai kai rabi ba wata babbar mota mai rufin tamfol ta tsaya a bakin titi, jandarmomi suka diddiro. Kafin ƙiftawar ido matan da ke layin ruwa sun watse, kowace ta bar bokitinta a inda yake. Ni tsoro ya hana ni gudu, na raɓe a bayan ayaba. Daga nan na hango maƙwabciyarmu, Mama Salastin, ta fito daga ɗakinta tana gyara ɗaurin zani, ta nufi motar kai tsaye kamar wadda ta san da zuwansu. Ta tsaya da babbansu suka yi magana ƙasa-ƙasa, sai na ga ta ɗaga hannu ta nuna ƙofar gidanmu. Mutumin ya dubi ƙofar, ya gyaɗa kai. Ba su shigo mana ba a ranar, amma sun fito da Malam Isuhu tela daga gidan bayanmu, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, suka tura shi cikin motar. Ba mu sake ganinsa ba.

Mu mutanen Maraɗi ne, neman abinci ya kai mu zama a babban birnin wata ƙasa ta bakin teku. Baba direban taksi ne, Inna kuma tana tuya ƙosai da fanke a ƙofar gida. Shekara guda kafin wannan safiya aka karya darajar kuɗin sefa, aka wayi gari shinkafa da mai da sabulu duk sun fi ƙarfin talaka, fuskokin mutanen gari suka canja mana. Ba a daɗe ba aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama, wadda muke kira seju, ya tattara ya bar ƙasa. Baba yana da tasa. Ta Inna ta ƙare, kakata kuwa ba a taɓa yi mata ba. Daga lokacin aka daina ɗaga murya a tsakar gida. Mutum zai yi sallama a tsaya a leƙa ta tsagar katako kafin a amsa masa, kuma duk wanda aka kama sai a zauna ana lissafin wa ya gaisa da shi jiya, wa ya tambayi inda yake kwana.

Gidan namu ɗakunan katako ne masu rufin kwano, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A baya Inna ta shuka yakuwa da kuɓewa a ɗan filin da ke gefen kwata. Aikina shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, da yamma makarantar allo, abin da ya rage na lokaci kuma na ’yar carafke ne da ’yar gala-gala a gindin mangwaro. Akwai wani aikin da ni kaɗai nake yi: ni ce tafintar gidan. Faransancin Baba na taksi ne, bai wuce sunan unguwanni da ciniki ba, Inna kuwa ba ta ji ko kaɗan.

Kaka mahaifiyar Baba ce, ya ɗauko ta daga gida bayan rasuwar kakanmu. Da farko mantuwa ce ƙanana, ta sa gishiri sau biyu a miya, ta yi alwala ta sake yi. Daga baya gigin tsufa ya kama ta sosai. Takan ɓoye tandun kwallinta a cikin buhun gari, sannan ta tsaya tsakar gida tana rantsuwa Inna ce ta sace. Inna ta wanke ta, ta wanke shimfiɗarta, ta sha zagi, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fita. Da hantsi ya yi sai Kaka ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta kai wa maza fura gona, ta kama hanya, alhali gonar tana can wata duniya.

Mama Salastin ’yar ƙasa ce, Kirista, gajeriya mai kauri, tana sayar da bandar kifi da dafaffen rogo naɗe a ganye. Wata rana ta tsinci Kaka a bakin titi ta riƙo hannunta zuwa gida. Kaka ta ƙura mata ido ta ce, “Larai, ashe kina nan?” Larai ƙanwarta ce da ta rasu tun kafin a haifi Baba. Na fassara wa matar, sai ta ce in gaya wa tsohuwa tana nan. Tun daga ranar, da ta ga Kaka ta ɗauki ƙwarya sai ta bar tirenta ta bi ta, su zaga unguwa su dawo, Kaka ta gamsu ta kai fura. Sukan zauna a benci ɗaya, wannan na Hausa, waccan na yarenta, suna dariya kamar suna jin juna. Ita ke yanke mata farce, ita ke taje mata kai. A hannunta kaɗai Kaka ke cin abinci ba tare da ta ce an zuba mata wani abu ba.

Wannan ne mutanenmu suka kasa haɗiyewa. Matan da ke zuwa sayen ƙosai sukan rage murya su ce wa Inna, “Ruwa ba ya tsami banza.” Me ’yar ƙasa take nema wurin tsohuwar baƙi, ba dangin iya ba na baba? Wasu suka ce gashin da take tajewa tarawa take yi. Wasu suka ce ai ɗan ’yar’uwarta ɗan sanda ne, zaman bencin nan na ƙirga masu shiga da fita ne. Inna ba ta tanka musu, amma na lura ta fara tsince gashin da ya zuba tana ƙonawa.

To a yammacin waccan Litinin, da Baba ya dawo, na zayyana masa abin da na gani. Ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka tsaya a ƙofar Mama Salastin. Abin da Baba ya ce shi ne mun gode da ɗawainiyarta, amma lokaci ya lalace, ta yi haƙuri ta bar mana tsohuwarmu a cikin gida. Ni kuma da na juya maganar zuwa Faransanci sai na ƙara mata barkono. Na ce Baba ya ce mun san aikin da take yi wa jandarmomi, kada ƙafarta ta sake taka ƙofarmu. Ta dubi Baba, ta dube ni. Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki. Na koma gida ina jin na yi wa gidanmu yaƙi.

Baba ya sa wa ƙofa sakata ta sama, inda hannun Kaka ba ya kaiwa. Makonni uku da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Da hantsi ya yi Kaka za ta ɗauki ƙwarya ta tsaya a bakin ƙofa tana bugu, tana kiran Larai har muryarta ta dushe. Ta daina cin tuwon Inna, ta ce guba ce. Ta fara ce wa Baba ɓarawon da ya sato ta. Ta rame, wuyanta ya fito. Sau biyu na tarar da kwano a rufe a ƙofarmu, dafaffiyar ayaba da kifi, Inna ta sa na mayar ba tare da an buɗe ba. Ta tsagar katako nakan ga Mama Salastin zaune ita kaɗai a benci, fuskarta na kallon ɗakinmu, ni kuma in ce a raina gadi take yi.

Ranar wata Juma’a Baba yana masallaci, Inna tana bayan gida tana wankin shimfiɗa, aka bar ni da tsaron Kaka. Ta yi barci, na ji ƙawayena suna ’yar gala-gala a waje. Na taka turmi na zare sakatar, na ce zagaye ɗaya kawai zan yi. Da na dawo tabarma ce kaɗai, babu Kaka babu ƙwarya. Inna ta fito da kumfa a hannu, ta zaga lungu tana kira, ta kai bakin titi ta tsaya cak, domin taku ɗaya gaba ita ma abin kamawa ce. Maƙwabtanmu suka leƙo suka yi salati suka koma, kowa na ji da kansa. Muna tsaye sai ga Mama Salastin ta fito da mayafi a kafaɗa. Ba ta dubi Inna ba. Ta kama wuyan hannuna ta ce, “Taho, Rabi.” Inna ta yunƙura za ta hana, sai ta sauke hannu.

Ina tafe ina tunanin kai ni za ta yi ta miƙa. Amma a butikin farko, tun ba ta tambaya ba mai shagon ya ce ya ga tsohuwarta ta wuce, ya kira ta ta ƙi tsayawa. Mai sayar da gawayi ma haka ta ce, tsohuwarta. Mai facin taya a mararraba ya ce ya taso zai riƙe ta kamar yadda Mama ta roƙe su tun bara, motar tamfol ta riga shi. A nan na fara fahimtar cewa matar nan ta daɗe da bin unguwa shago-shago tana ba da amanar kakata, mu ba mu sani ba.

Muka hau taksi muka bi hanyar bakin teku har wajen unguwar Glass, inda aka tara waɗanda aka kama a wani fili mai shingen waya. Mutane zazzaune a ƙasa cikin rana, wasu da ƙullin kaya, wasu haka nan. Can gefe na hango Kaka, ƙwarya a cinya, ɗankwalinta ya zame, tana ta yi wa wani saurayi faɗa a kan ya tare mata hanyar gona. Mama Salastin ta ce wa mai tsaron ƙofa ta zo ɗaukar yayarta. Ya yi dariya ya ce wace irin yaya ce ba ta jin yaren ƙanwarta? Ya ce ta kawo takarda. Ta ce ba ta da takarda, amma ya bar ta ta matsa kusa da waya ya gani da idonsa. Tana matsawa Kaka ta ɗago, ta yar da ƙwaryar, ta taso tana tangaɗi.

“Larai! Ina kika shiga kika bar ni da mutanen nan?”

“Ga ni, Yaya,” in ji Mama Salastin, da karkatacciyar Hausar da ta tsinta a bakin Kaka. “Ga ni. Mu je gida.”

Kaka ta zuro yatsu ta cikin waya ta riƙe mata fuska tana kuka. Mutumin ya tsaya yana kallonsu, ya je ya yi magana da wani, ya dawo ya buɗe ƙofa ya kau da kai. Ni ko tambayata bai yi ba.

A cikin taksi Kaka ta yi barci a kafaɗar Mama Salastin. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta yi magana, idonta na kan teku. Ta ce ta san na gan ta a waccan safiya. Ta ce abin da ta faɗa wa babban jandarman shi ne a gidan can akwai tsohuwa marar lafiya da ke firgita da ƙarar takalmi, tata ce, kada su shiga. Na so in ce mata kalmomin da na faɗa mata a ƙofarta ba na Baba ba ne, nawa ne. Har muka iso ban faɗa ba.

Da yamma Baba ya je ƙofarta, wannan karon bai neme ni ba. Ya cire hula ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa mace ba in ba Kaka ba. Aka cire sakata, benci ya koma yadda yake. Ba zan ce zargi ya mutu a unguwa ba. Har aka gama korar ba a san wanda ya nuna gidan Malam Isuhu ba, kuma akwai masu cewa in ba ta da hannu da hukuma, yaya aka buɗe mata ƙofar shingen nan? Inna ce ta gaji wata rana ta ce musu, “Zato zunubi ne,” ta ci gaba da juya ƙosanta. Sai daga baya, ta bakina, Mama Salastin ta gaya wa Inna cewa mahaifiyarta ta yi irin wannan ciwo a ƙauyensu, aka ce mayya ce, aka ware ta a bukka a bayan gari, ita kuma tana birni ba ta je ba sai da aka binne ta. Wannan karon na fassara kalma da kalma.

Kaka ta ƙara shekara biyu. Ranar da ta rasu mata suka shiga yi mata wanka, Mama Salastin ta tsaya a waje don ta san ba huruminta ba ne. Kwana uku tana zaune a ƙofarmu, masu gaisuwa suna wuce ta su shiga ciki su yi wa Inna ta’aziyya. Kaɗan ne suka tsaya suka yi mata. Ba a jima ba ta koma ƙauyensu, daga nan labarinta ya yanke.

Yanzu ina da jikoki, ciwon ma ya sami suna a bakin likitoci, har nakan ji a rediyo ana taro ana karrama masu kula da irin waɗannan tsofaffi, ana kiran sunayensu ana tafi. Ina jin daɗin hakan. Amma a zamaninmu babu mai kiran sunan kowa, macen da ta wanke surukarta shekara biyar ko wadda ta bar sana’arta ta bi tsohuwar baƙi zuwa gonar da babu, ladansu a wurin mutane bai wuce a sa musu ido ba. Lungunmu na Sotega ya zama gine-ginen bulo, na tambayi tsofaffin unguwa sunan ƙauyen nata, babu wanda ya riƙe. Na iya harsuna uku, amma ban taɓa ba ta haƙuri da ko ɗaya ba.