Malam Suma'ila, Sun Fara Tambayar Kayen

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Suma'ila na unguwar Zango, abokin aikina na shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar mako biyu. Muka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Malam, kai ka buɗe shafin intanet da muke zuba tarihin Damagaram a ciki: hotunan kufai, tsofaffin rijiyoyi, ragowar ganuwa, wuraren da aka narka ƙarfe. Kai kake yawon ƙauyuka a kan tsohon babur ɗin nan da sai an tura yake tashi, ni kuma ina biro, wato ofis, ina shigar da abin da ka kawo. Kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya sai ka zauna ka sha furar mutane, ka tambayi lafiyar gero.

Ba zan ɓoye laifina ba yau. Wata tsohuwa, Iya Maimuna, a wani ƙauye bayan Tirmini, ta nuna maka kufan da kakanninta ke kwance cikin manyan randuna, wurin da ko garma ba ta taɓa shiga ba. Amana ta ba ka. Ni kuwa, da rawar kan nuna ƙwarewa, na saka lambobin wurin daidai a taswirar shafin. Mako uku ba su cika ba wasu suka je da diga. Muka tarar da ramuka, da fasassun randuna, da ƙasusuwa a rana.

Ba ka ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi mini zafi. Kai ka durƙusa gaban tsohuwar ka ce laifinka ne. Daga ranar, duk wurin da za mu saka sai ka gusar da alamarsa nesa da inda yake. Ainihin wuraren, arba'in da ɗaya, ka rubuta su da hannunka a wani baƙin kaye, irin littafin rubutun nan na 'yan makaranta.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar sadakar uku, wasu mutum biyu da babu wanda ya san su suka zo cikin farar mota. Suka yi gaisuwa da ladabi, suka shafa fatiha, sannan suka aika ciki wurin matarka Maryama wai ko Malam ya bar wani littafi. Jiya sun sake dawowa. Yanzu tarhonta na ƙara, in ta ɗauka sai a yi shiru. Ina jin tsoro, Malam, ba zan yi ƙarya ba.

Don haka nake rubuta wannan a fili, tunda na san suna karanta shafinmu. Ku masu farar mota, kayen ba ya gidan marigayi. A asibiti ya damƙa mini shi. Ku bar baiwar Allah ta yi takabarta. Ni na taɓa nuna muku hanya, kuma ba za ku sake samunta daga bakina ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Maryama da yara da dukan dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ka tsare kaburburan mutane da ranka, Allah Ya tsare naka. Ni kuma Allah Ya ba ni ikon riƙe amanar da na taɓa zubarwa.

Yusufu, Damagaram