Danjar da Ba Ta Son Tafiya Ita Kaɗai

Duk wanda ya taɓa tura mataccen babur a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan ya san rumfar Baba Nomau. Tana nan bayan rukunin gidajen 220 Logements, fallen kwano huɗu da benci ɗaya, sai wayoyi a rataye kamar an shanya taliya. Yana da shekara sha tara ya sauka Abidjan daga Madawa ta ƙasar Nijar. Ya yi dako a tasha, ya yi tallan goro, kafin wani Bayarabe mai gyaran wutar mota ya koya masa sana'a. Yau shekara arba'in da bakwai ke nan. Ba ya taɓa inji, ba ya faci, wuta kaɗai ya sani. Amma fa ya san ta, har makanikai masu ji da kansu sukan aiko masa abin da ya gagare su, su ce wa mai babur kada ya faɗi daga inda ya fito.

Ranar da nake ba ku labari, babbar 'yarsa Salamatu ta rufe shagon atamfarta a kasuwar Treichville tun kafin azahar, ta hau mota zuwa Adjamé da sabon kwaɗo a jaka. Likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganin tsohon. A makon da ya wuce saura ƙiris wata gbaka, motar hayar nan da ba ta san birki ba, ta kwashe shi a bakin titi. Ita da ƙannenta sun gama magana: yau za a rufe rumfa, Baba ya zauna gida. Tana tafe tana maimaita abin da za ta ce, don ta san raba shi da rumfar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta tarar da shi da baƙo. Alhaji Nu'uman ne, ɗan Kano mai shigo da kaya, tsaye kusa da wani tsohon babur ɗan Japan na shekarun saba'in, ja wur, sai ƙyalli yake. Mutum ne mai motoci biyu, amma babur ɗin na mahaifinsa marigayi ne, kuma a kansa yake zuwa masallacin Juma'a.

"Baba Nomau, danjar baya ce," in ji shi. "Makanikai uku sun duba. An sa sabon ƙwai, an sa sabon fis, an canza waya tun daga batir. In na goyo wani sai ta kama. In ni kaɗai ne, ɗif. Shekaranjiya da magariba a kan gada wata mota ta kusa bi ta kaina." Ya rage murya. "Maiɗakina ta ce ko marigayi ne ba ya son in hau ni ɗaya."

"Marigayi na da abin da ya dame shi, Alhaji," Baba Nomau ya ce. "Salame, ke ce? Zamna, in gama."

Ba ta ko yi sallama ba tukuna. Ta zauna a benci, jaka a cinya.

Bai ɗauki ko sukurudireba ba. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a kan sirdi, ya bi jikin babur ɗin a hankali har zuwa madigadi, ƙarfen da ke rufe tayar baya, inda danjar take zaune. Yatsunsa suka bi waya, suka tsaya a kowane gaɓi, suka murza, suka wuce. Sai ya kai hancinsa kusa da ƙarfen ya shaƙa.

"Wa ya yi mai fenti?"

Alhaji ya washe baki. "Ni da hannuna. Duk Sallar Layya nake kwance shi in shafe, haka marigayi yake yi. Bana ma har ciki na bi, saboda tsatsa."

"Har ramin noti?"

"Ko'ina, Baba. Ban bar ko ɗigo ba."

"Madalla da ɗa na gari. Murɗa makulli. Salame, zo hau baya."

Mace mai 'ya'ya huɗu, da mayafi da jaka, a ce ta hau babur a tsaye! Ta so ta ce wani abu, amma muryar da ya yi maganar ita ce wadda yake kiran ta da ita tana 'yar firamare, lokacin da yake goya ta zuwa makaranta. Ta tattare zani ta hau. Ta waiga, sai ga danja ta kama, ja jawur a inuwar rumfa. Ta sauka, wuta ta ɗauke. Alhaji ya ce, "Ka gani ko!"

Baba Nomau bai ce ya gani ba. Tafinsa na kan gilashin danjar, ya rufe shi ruf.

"Wuta matafiyiya ce, Alhaji," ya ce. "Ta waya take zuwa, amma ta jikin ƙarhe take komawa gida. Shi ne masu sana'a ke ce ma mas. Makanikanka duk hanyar zuwa suka gyara, ba wanda ya tambayi ta komawa. Kai kuwa ka bi ka toshe ta da fenti. In an zamna baya, nauyi ya danne, notin ga ya ɗan ciji ƙarhe, ta samu ta wuce. An sauka, ƙofa ta ruhe."

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, ya ɗauko sifana daga inda take kwana shekara da shekaru. Noti biyu ya kwance. Ya kankare fenti da bakin wuƙa, faɗin farce kawai, yana shafawa da yatsa har ya ji sanyin ƙarfe tsirara. Ya yanko 'yar waya ya ɗaura daga gindin danja zuwa jikin babur, don ko baɗi Alhaji ya sake nuna ƙauna. Duka-duka bai kai minti goma sha biyar ba.

"Murɗa."

Danja ta kama, ba kowa a baya. Alhaji ya yi kabbara har wata mai gasa ayaba a bakin titi ta leƙo. Salamatu kuwa ba danjar take kallo ba. Mahaifinta take kallo. Fuskarsa na fuskantar bango, tafinsa na kan gilashi, yana jira. Sai da ɗumin ƙwan ya ratso hannunsa sannan ya yi murmushi. A nan ta gane ba raguwa ganin ya yi ba, ya tafi gaba ɗaya, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Duk baburan da suka fita daga rumfar nan a watannin baya, a haka aka gyara su, ba wanda ya lura.

Bayan Alhaji ya tafi yana ta zuba godiya, tsohon ya lallubo benci ya zauna kusa da ita.

"Tun da kika shigo nike jin kwaɗo na kaɗawa cikin jakarki," ya ce. "Sabo ne, makullai biyu. In kin zo ruhewa ne, ɗiyata, ruhe. Ba ni hana ki."

Ta fito da kwaɗon, ta ɗora a tafinsa mai baƙin mai, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Naka ya tsufa ne, Baba, shi ya sa na sayo," ta ce. "Amma titi kam ka daina tsallaka shi kai kaɗai. Gobe ƙarfe nawa zan zo in kawo ka?"